Tambayoyi da Amsoshi Kan Laburaren Aro na Ƙungiyarmu ta Masu Kiwon Zuma

Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan ƙungiya, sababbi da waɗanda suka daɗe, suka fi yi wa mai kula da littattafai a ranar taro. An tattara su wuri guda domin wanda yake jin nauyin yin tambaya a gaban manya ya sami amsarsa cikin natsuwa.

Mene ne wannan laburare, kuma me ke cikinsa?

Laburaren namu ba gini ba ne. Akwatunan ƙarfe ne guda biyu da aka ɗora a kan benci, nesa da bango da ƙasa saboda gara, a ɗakin da muke yin taro. A cikinsu akwai littattafan koyon kiwon zuma, da ƙananan takardun wayar da kan manoma irin waɗanda malaman gona ke rabawa, da tsofaffin mujallu, da zanen akwatunan zuma tare da awonsu domin kai wa kafinta, da kuma littattafan rubutu waɗanda 'yan ƙungiya suka cika da hannunsu. Yawancin abin da ke ciki kyauta ce daga 'yan'uwa, sauran kuma an saye su da kuɗin ƙungiya.

Wa yake da ikon yin aro, kuma yaya ake yi?

Duk wanda sunansa yake cikin rajistar ƙungiya yana da iko, namiji ko mace, babba ko yaro, kuma ba a biyan ko sisi. Ana ɗaukar littafi ɗaya a ranar taro, a rubuta suna da kwanan wata, a dawo da shi a taro na gaba. Idan babu wanda yake jiransa, ana iya sabunta aron sau ɗaya. Matan da ba su samun fitowa suna iya aiko ɗa ko ƙane da saƙo, a rubuta littafin da sunansu. Muna roƙon kada wanda ya ara ya ara wa wani a bayan fage, domin ta wannan hanya ce littattafai suka fi salwanta, ba don kowa ya yi niyyar cin amana ba, sai don idan abu ya ratsa hannu uku ba a sanin inda ya kwana.

Kakanninmu sun yi kiwon zuma ba tare da littafi ba. Me karatu zai ƙara mana?

Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu amsa ta da raini, domin babu wani littafi a akwatunanmu da ya san dajin nan kamar dattijon da ya shekara arba'in yana saƙa amya da gamba, yana shafe ta da kashin shanu, yana turara ta, yana ɗora ta a kan ɗorawa. Ya san bishiyar da zuma ke so, ya san watan da take shiga, ya san ƙamshin amyar da ta cika tun daga ƙasa. Abin da ya gagare shi shi ne ganin cikin amyar tana aiki, saboda amyar gargajiya ba ta buɗuwa sai ranar ɗiba, da dare, da wuta a hannu, kuma a mafi yawan lokuta ɗibar ita ce ƙarshen wannan gida na zuma.

Littafi yana buɗe wa mutum wannan duhu. A nan ne za ku karanta cewa babbar ƙudan da wasu ke kira sarki mace ce, ita ce uwar gidan duka, kuma aikinta shi ne saka ƙwai, har fiye da dubu a rana ɗaya idan abinci ya wadata. Turawa ma sun daɗe suna kiranta sarki, sai a shekarar 1609 wani malamin coci a Ingila mai suna Charles Butler ya wallafa littafin da ya yaɗa cewa mulkin amya na mace ne. Za ku karanta cewa sarauniya tana fitowa daga ƙwai zuwa cikakkiyar halitta cikin kwana 16, ma'aikaciya cikin kwana 21 ko ƙasa da haka kaɗan a ƙudan Afirka, namiji kuma cikin kwana 24. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi uku, idan ya buɗe akwati ya ga ƙwai a tsaye a gindin ramukan saƙa, ya san sarauniyarsa tana nan da rai cikin kwana ukun da suka wuce ko da bai gan ta da idonsa ba, domin ƙwai kwana uku yake yi ya zama tsutsa. Idan kuma bai ga ƙwai ba, bai ga tsutsa ba, ya san akwai matsala tun kafin zumar ta watse. Wannan shi ne bambancin mai jiran sa'a da mai kiwo.

Da wane littafi ya kamata sabon shiga ya fara?

Ya fara da mafi ƙanƙanta, wanda aka rubuta domin ƙasashe masu zafi, mai hotuna da yawa. Daga cikin waɗanda muka fi miƙa wa sababbi akwai jagoran kiwon zuma a Afirka wanda Stephen Adjare, wani masani ɗan Gana daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya rubuta, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990. Darajarsa ita ce marubucin ya yi aiki da irin ƙudan da muke kiwo a Afirka ta Yamma, ya sha harbinsa, ya san halinsa. Manyan littattafai masu shafi ɗari biyar su jira sai mutum ya ga damina ɗaya da rani ɗaya tare da akwatinsa, domin kafin nan kalmomin da ke ciki ba su da abin da za su kama a zuciyarsa.

Me ya sa kuke yawan gargaɗi game da littattafan Turai da Amurka?

Saboda su ne suka fi yawa a akwatunanmu, su ne suka fi kyawun bugu da hotuna, kuma su ne suka fi saurin ɓatar da mai karatu idan bai yi hattara ba. Ba ƙarya suke faɗa ba. Gaskiya suke faɗa game da wata ƙasa da wani ƙudan.

Shekarar mai kiwon zuma a Ingila ko arewacin Amurka an gina ta ne a kan tsoron sanyi. Watanni da yawa sanyi yana tsananta, fure yana ƙaranci ƙwarai, ƙudaje suna dunƙule wuri guda suna cin abin da suka tara, shi ya sa kaso mai yawa na littattafansu yake magana a kan yadda za a rufe akwati, a rage ƙofa, a bar wa zuma guzurin hunturu. A wurinmu al'amarin kusan a juye yake. Lokacin ɗari da farkon bazara shi ne lokacin da manyan itatuwanmu ke fure: gawo yana farawa bayan ɗaukewar ruwa, rimi da mangwaro da kaɗanya su biyo baya, ɗorawa ta rataye jajayen tutunta, darbejiya ta cika gari da ƙamshi. Wahalar ƙudanmu tana zuwa ne a tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke hana fita yana kuma wanke fure, da kuma tsananin bazara, lokacin da ƙishirwa ke korar zuma daga amya.

Mun ga wannan da idonmu. Wani ɗan'uwa mai ƙwazo ya karanta babin shirin hunturu, da sanyi ya shigo a watan Disamba sai ya naɗe akwatunansa da buhuna da leda, ya toshe ƙofa ya bar 'yar kafa. Da rana ta take, zafi ya taru a ciki, saƙa ta yi laushi ta zube, ƙudajen suka tashi suka bar masa akwati. Littafin bai yi laifi ba, shi ma bai yi wauta ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ce masa wannan babi ba namu ba ne. Tun daga ranar muke liƙa 'yar takarda a cikin bangon kowane littafin waje, mu rubuta babukan da za a karanta da waɗanda za a tsallake.

Bambanci na biyu shi ne halin ƙudan. Namu, wanda masana ke kira adansonii, ya fi na Turai ƙanƙanta kaɗan, ya fi shi zafin kare gida, ya fi shi yawan rabuwa, wato wani ɓangare ya tashi ya kafa sabon gida, kuma yana da ɗabi'ar yin ƙaura gaba ɗaya idan abinci ko ruwa ya yanke ko aka dame shi. Littafin Turai zai ba ku shafi ɗaya a kan ƙaura, alhali ita ce babbar damuwarmu. Zai ba ku babi guda a kan ƙwaron baroa mai tsotsar jikin ƙudan zuma, wanda ya yi wa masu kiwo a can mummunar ɓarna, amma ba zai ce komai ba game da kwarkwasa, ko gara mai cin ƙafar akwati, ko dage, ko gobarar daji, ko ɓarawon dare. Abin da ya shafi halittar ƙudan, wato ƙwai da tsutsa da sarauniya da yadda ake yin kaki, ku karɓa daga kowane littafi. Abin da ya shafi wata da yanayi da lokacin ɗiba, ku auna shi da itatuwan garinku da bakin dattawanku.

Littattafan suna ta maganar milimita. Shin wannan ƙididdiga dole ce?

Dole ce, kuma a kanta aka gina kiwon zuma na zamani gaba ɗaya. A shekarar 1851 wani malamin coci a Amurka, Lorenzo Langstroth, ya lura cewa idan aka bar tazarar da ta kai kimanin milimita 6 zuwa 9 tsakanin abubuwa biyu a cikin amya, ƙudan zuma yana barinta a matsayin hanya. Idan ta fi haka faɗi sai ya gina saƙa a ciki, idan ta fi haka ƙunci sai ya toshe ta da danƙo. Da wannan sani ya ƙera akwatin da ake zaro saƙa ɗaya bayan ɗaya a duba a mayar ba tare da an kashe ƙudan ba, ya yi masa rajista a 1852, ya fitar da littafinsa a 1853.

Akwatin da yawancinmu ke amfani da shi, mai sanduna a jere a sama wanda ake kira na Kenya, shi ma a kan wannan ƙa'ida yake. Faɗin kowace sanda ga ƙudan Afirka milimita 32 ne, alhali littattafan Turai za su ce 35, saboda nasu ƙudan ya fi girma. An taɓa kai wa wani kafinta awo, ya ga kamar ƙaramin abu ne, ya yanka sandunan yadda katakon ya ba shi, wasu sun kusa 40. Da aka zo dubawa sai aka tarar ƙudajen sun gina saƙa a karkace, ta haɗe sanda huɗu wuri guda, ba a iya ɗaga ko ɗaya sai an yanka. Don haka idan kun ari takardar zane, ku tafi da ita wurin kafinta da kanku, ku tsaya a auna sandar farko a gabanku.

Me ya sa wasu littattafai suke kiran ƙudan Afirka mai kisa?

Asalin wannan suna daga Barazil ne. A 1956 wani masani mai suna Warwick Kerr ya kai ƙudan zuma daga kudanci da gabashin Afirka domin inganta kiwo a can, a shekara ta gaba wasu suka kuɓuce, suka haɗu da na Turai da ke ƙasar, zuriyarsu ta bazu har ta kai jihohin kudu na ƙasar Amurka. Mutanen da suka saba da ƙudan mai sanyin hali suka tsorata, jaridu suka ƙara gishiri. Dafin ƙudanmu bai fi na wani ƙarfi ba. Yawan masu fitowa faɗa da nisan da suke bin mutum ne suka bambanta. Wannan dalili ne na sa rigar kariya da hular raga, da yin aiki da yamma lis, da nesanta akwati daga gidaje da turken dabbobi.

Ba na jin Turanci, ko kuma ban yi karatun boko ba. Ina da rabo a nan?

Kuna da rabo cikakke. Gaskiya ne littattafan kiwon zuma da Hausa ba su da yawa, kuma wannan abu yana damunmu. Abin da muke yi shi ne, bayan an gama taro, wani ya ɗauki babi ɗaya ya karanta yana fassarawa, a tsaya a yi muhawara. Sau da yawa a nan ne karatun yake yin daɗi, domin mai karatu zai faɗi abin da littafi ya ce, wani dattijo ya gyara zama ya ce, “Malam, a nan ba haka take yi ba,” sai a rubuta maganarsa a gefe. Wanda ya iya ajami yana iya rubuta abin da ya fahimta da ajami, mu ajiye shi tare da sauran. Masu iya magana sun ce karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma, kuma ba mu san wata ƙungiya da wannan magana ta fi dacewa da ita kamar tamu ba.

Zan iya tafiya da littafi wurin akwatunana?

Muna roƙon kada a yi haka. Hannun da ya taɓa saƙa yana ɗauke da zuma da danƙo, kuma shafin da zuma ta taɓa kiyashi ba ya barinsa. Akwai littafin da aka dawo mana da shi shafuka shida sun manne, da muka ɓamɓare sai hoton da ake nema ya tafi tare da takardar. Ku karanta a gida, ku kwafi abin da kuke bukata a 'yar takarda, ku tafi da ita. A gida kuma a sa littafin cikin leda, a ɗora shi a sama, musamman da damina.

Idan littafi ya ɓata ko ya lalace a hannuna fa?

Ku faɗa da wuri, ba tare da jin kunya ba. Idan ana samunsa a kasuwa, a sayo wani. Idan ba a samu, shugabanni za su zauna da ku a daidaita a kan abin da za ku iya, ko da kwalbar zuma ce a sayar a sa kuɗin a asusun littattafai. Abin da ya fi ɓatan littafi ciwo shi ne mutum ya daina zuwa taro saboda shi.

Tunda akwai bidiyo a waya, me ya sa za a wahala da littafi?

Bidiyo yana da amfani wajen nuna motsin hannu, kamar yadda ake ɗaga sanda a tsaye ba a kwantar da ita ba don kada saƙa ta karye. Amma yawancin abin da ake gani a YouTube da Facebook daga ƙasashen sanyi yake, kuma mutumin da kuka gani yana buɗe akwati da hannu tsirara da tsakar rana ba irin ƙudanku yake kiwo ba. Littafi yana bin abu daki-daki, ana iya komawa baya, kuma ba ya bukatar caji ko data.

Akwai littattafai a kan magani da zuma?

Akwai kaɗan, kuma ana yawan nemansu. Matsayin zuma a wurinmu sananne ne, tunda sura ta 16 a Alƙur'ani mai girma sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi, kuma ayoyi na 68 da 69 sun ambaci gidajensa da warakar da ke cikin abin da yake fitarwa. Saboda wannan daraja ne ma muke son 'yan ƙungiya su riƙa faɗar abin da ya tabbata kawai idan suna sayarwa. Abu biyu muke so kowa ya ɗauka daga waɗannan littattafai. Na farko, likitoci sun yi gargaɗi kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba tukuna, ko da zumar tsantsa ce. Na biyu, daskarewar zuma ba alamar an haɗa ta da sukari ba ce. Ɗabi'ar zuma ce, wata tana saurin yi, wata tana jinkiri, gwargwadon furen da aka samo ta. Abin da ke lalata zuma shi ne ɗibarta kafin ƙudan ya rufe saƙar da kaki, domin ruwan da ke cikin nunanniyar zuma bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 100 ba, idan ya wuce sai ta yi tsami ta yi kumfa.

Akwai abin karantawa don jin daɗi kawai, ba don sana'a ba?

Akwai, kuma mai kula da littattafai ya fi son a tambaye shi wannan. Ku nemi labarin François Huber, mutumin Suwizalan wanda ya makance tun yana saurayi, amma da idon hadiminsa da taimakon matarsa ya tabbatar da cewa sarauniya a sararin sama take haɗuwa da namiji, ba a cikin amya ba, ya wallafa bincikensa a 1792. Ku nemi na Karl von Frisch, ɗan Austiriya, wanda ya nuna cewa ƙudan da ya samo fure yana dawowa ya yi wata irin rawa a kan saƙa, inda karkatar rawar ke nuna wa 'yan'uwansa inda za su dosa idan aka auna da rana, tsawonta kuma yake nuna nisa; an ba shi kyautar Nobel a 1973. Akwai kuma Eva Crane ta Ingila, wadda ta zagaya ƙasashe da dama tana tattara yadda kowace al'umma ke kiwon zuma, ta fitar da babban littafin tarihin sana'ar a 1999. Wanda ya karanta irin waɗannan, idan ya zauna gefen akwatinsa da hantsi yana kallon masu dawowa da garin fure rawaya a ƙafafunsu, ba zai ƙara ganinsu kamar da ba.

Me ake nufi da littattafan rubutu na 'yan ƙungiya, kuma me ya sa ba a fita da su?

Su ne abu mafi tsada a akwatunan nan, duk da cewa littattafan makaranta ne masu arha. Duk wani littafi da aka buga, idan ya ɓata ana iya neman wani. Amma babu inda za a sayo takardar da ta ce a wane mako kaɗanyar bayan gari ta fara fure bara, ko a wane wata zuma ta fi shiga sababbin akwatuna a fadamarmu, ko kwalba nawa aka samu daga akwatin da ke ƙarƙashin tsamiya idan aka kwatanta da wanda ke cikin rana. Wannan ilimi yana cikin kawunan mutane, kuma duk dattijon da ya rasu yana tafiya da nasa kason. Shi ya sa ake karanta su a ɗakin taro kawai, wanda yake so ya kwafa.

Muna roƙon kowane ɗan ƙungiya ya karɓi littafi guda daga wurin mai kula, ya ba kowane akwati lamba da shafinsa. Duk ranar da ya je dubawa ya rubuta kwanan wata, da itacen da ke fure, da ko ya ga ƙwai, da sanduna nawa ke da saƙa, da abin da ya dame shi, ko da layi biyu ne, da boko ko da ajami. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya faɗa wa ɗansa ko jikansa ya rubuta masa. A ƙarshen kaka a kawo littafin, za a kwafi abin da ke ciki a mayar wa mai shi da nasa a taro na gaba.